Azarar ɗakin Iya da takanɗar da na sha

Ni na shanye ma'aunin ɗakin kakata. Gwamma in faɗa da bakina tun da fari, domin a unguwarmu an riga an ƙara wa maganar gishiri, har yara suna nuna ni suna cewa ga wanda ya tauna azara. Ban tauna azara ba. Takanɗa ce, gaɓa biyu kacal, kuma ranar ban karya kumallo ba.

Abin ya faro ne daga ruwan ƙarshe na daminar bara. Rufin soron Iya, mahaifiyar babana, ya lotsa daga tsakiya, azara uku suka karye, ƙasa ta zubo a kan gadonta. Allah ya sa a lokacin tana tsakar gida tana zagin kaji. Da magini ya zo ya kware rufin, ya ce ruwa ya daɗe yana ɓarna a ɓoye, a cikin azarar duka babu wadda zai yarda ya mayar. Haka aka bar ɗakin a buɗe, in ka shiga ka ɗaga kai sai ka ga shirwa tana shawagi.

Iya ta ƙi kwana a ɗakin innata. Ta ce ba ta taɓa kwana a ɗakin suruka ba, ba kuma za ta fara da furfura ba. Sai Baba ya kafa mata rumfar zana a gindin katanga. Mu a Haɗejiya sanyi ba ya jiran a kira shi. Da ruwa ya ɗauke raɓar fadama take sauka, da safe ka taɓa tabarma ka ji ta jiƙe sharkaf. Kwana biyar a rumfar nan Iya ta kama tari. Da farko dariya muke yi, don in ta yi tari har awaki sai sun bar tuƙa sun waiwayo. Daga baya tarin ya koma can cikin ƙirji, in ya taso sai ta dafa ƙasa da hannu biyu. Daga nan babu wanda ya ƙara dariya.

Magini ya ce kwana bakwai suka rage masa a gari, bayan su zai tafi wani aiki da zai cinye masa rani duka. In an kawo azara kafin nan, zai rufe. In ba a kawo ba, sai dai a nemi wani, kuma a lokacin nan na shekara ba a samun magini a zaune.

Sabuwar azara daga nesa ake kawo ta, kuɗinta kuwa Baba yana ji ya kama haɓa. Shi masunci ne, abin da ya tara na bandar kifin shekara shi ke nan a hannunsa. Sai aka ba shi labarin wani tsoho a hayin kogi, ta wajen Auyo, a wani ƙauye da ruwa ya ci rabinsa mutane suka koma tudu. Tsohon yana sayen kangaye yana warwarewa, yana sayar da abin da ya samu a ciki. Baba ya ce gobe da sassafe za mu.

Da asuba Baba ya fita neman mai jirgin da zai ɗauko mana kaya, shi ya sa bai ga awon ba. Magini ya zo ya duba ko'ina bai ga abin awo ba, sai ya zari takanɗa mafi tsawo daga damin da aka kawo wa Iya daga gona. Ya hau bango, ya gitta ta a kan faɗin ɗakin, ya ƙara abin da zai hau kan bango dama da hagu, ya datse saman da wuƙa. Ya miƙo min ya ce kada a sayo wadda ba ta kai wannan ba ko da faɗin yatsa.

Iya ba ta gani sosai, amma kunnenta yana jin tafiyar ƙuda. Ta ji an taɓa daminta, ta ce a miƙo mata. Ta shafa takanɗar daga ƙasa har sama tana mita, wai a gida mai cike da kara an rasa abin awo sai abin bakinta.

“Mijina,” in ji ta, haka take kirana, “aro ce. Yadda ta tafi haka za ta dawo.”

Na ce mata matar da ba ta da haƙori me za ta yi da takanɗa. Ta kai min duka ta samu iska.

Hanyar mashigi tana da nisa, ta bi ta gefen gonakin shinkafa. Baba yana gaba da jakar kuɗin wuri a kafaɗa, ba ya waiwaye, ba ya magana. Ni ina baya da takanɗa. Cikina ya fara kuka, irin kukan da na tabbata tsuntsayen da suka tashi daga cikin shinkafa shi suka ji. Kuma gindin takanɗar nan yana daidai hancina. Wanda ya san takanɗa ya san duk zaƙin a gindi yake. Na ce bari in ɗan ɓare in lasa kawai. Na lasa. Kafin mu wuce wata tsamiya gaɓa ɗaya ta tafi. Na duba bakin na ga ya yi kaca-kaca da sawun haƙori, kowa ya gani ya san aikin mutum ne. Sai na ga ya kamata in gyara, in kai shi daidai gaɓa ta gaba ya yi kyau. Na gyara. Abin da na cire a wajen gyaran ban ga dalilin zubar da shi ba.

Na daidaita bakin da 'yar wuƙata, na dangwala shi a laka don ya yi kamar tsohon yanka. A raina na ce gaɓoɓin gindi gajeru ne, su biyu ba su wuce taƙi ɗaya da rabi ba, kuma masu sayar da azara ai dogaye suke sayarwa, magini ya rage da kansa. Da wannan na haye kogi hankalina kwance.

Gidan tsohon ba shi da katanga, fili ne kawai a ƙarƙashin wata ƙatuwar kanya. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Ƙyaure ya fi ashirin a jingine da juna, wasu da ƙusoshinsu na maƙera, wani har da layar da aka rataya masa tun yana gidansu. Ga indararo a jere, ga gofa, ga turaku, ga tulin tubalin da aka ciro ɗaya ɗaya ba a fasa ba. Kamar gari guda aka kwance aka shanya. Shi kansa tsohon dogo ne siriri, Hausarsa da karin Barebari, yana zaune a kan wani ƙyaure yana goge gatari.

A nan na ga abin da ya ɗaga min hankali. Azarar ba tuli ɗaya ba ce, tuli huɗu ne, kowanne da tsawonsa. Tsohon ya yi wa Baba bayani. Ashe tsohuwar azara gajarta take yi duk lokacin da ta sauya gida. Bakunanta biyu da suke binne a cikin bango su ke fara ruɓewa, don haka kafin a sayar sai an datse su. Wadda ta rufe zauren attajiri, in ta sauya gida sau biyu sai ɗakin tsohuwa, in ta ƙara sai bakin rumbu. Ya ce a wurinsa tsawo ake saye. Dogayen kusan kuɗin sabuwa suke, masu bi musu sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tsakanin tuli da tuli kuwa bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba.

Zaƙin da ya rage a bakina ya koma kamar na tauna sabara.

Baba ya ce in kawo ma'auni. Muka fara da tuli na biyu, mai bin dogayen. Na shimfiɗa takanɗa a kan azara, azarar ta wuce ta da taƙi ɗaya da ɗan wani abu. Wato da ban sha ba, da wannan ne daidai. Baba ya ce ta yi tsawo, mu gwada na uku.

Sai dabara ta zo min. Ni ke riƙe da gindin, Baba yana can wajen kan. Da na ɗora takanɗa a kan azarar tuli na uku, sai na tura ta gaba, na rufe tazarar da tafin hannuna da gwiwata. Baba ya duba ya ga takanɗa ta wuce azara. Ya ce wannan ta gaza. Muka gwada wata, na tura, ta gaza. Ta uku ma ta gaza. Na fara jin kamar Allah ya dube ni. Baba ya tsaya yana kallon tuli na biyu yana taɓa jakarsa, na ga fuskarsa ta yi nauyi, domin abin da ke cikin jakar rabin ɗaki kawai zai rufe da waɗancan.

Tsohon ya ajiye gatari ya taso. Ya ce in ɗaga gwiwata. Na ɗaga. Ya sa babban yatsan ƙafarsa ya dawo da takanɗar baya, ta daidaita da bakin azara. Ta can kuma ta tsaya cif, kamar tare aka haife su.

Baba ya kalle ni. Ya ce ko awo ma ban iya ba, in matsa. Amma murna ta hana shi faɗa. Ya karɓi takanɗar da kansa, ya shiga zaɓe.

Wanda bai ga Baba yana zaɓen azara ba bai san haƙuri ba. Kowace sai ya ɗaga ya ji nauyinta, ya buga ta da bayan gatari ya kasa kunne. In ta yi ƙara mai tsini ya ajiye dama, in ta amsa kamar ganga ya ture hagu. Ya soka wuƙa a cikinta ya ga ko tana shiga, ya girgiza ya ga ko gari zai zubo, wata har sansanawa yake yi. Baƙaƙen yake so, masu tsini-tsini kamar ƙaya, ya ce su ne na bayan giginya, fararen na ciki ne, ba su da ƙarko. Ya ce wa tsohon uwarsa ce za ta kwana a ƙarƙashinsu, ba zai ɗauki wadda zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba. Kowace ya zaɓa sai ya ɗora mata takanɗa. Duk wannan kulawa, da ma'aunin da na sha.

Ina tsaye a gefe ina shirya maganar a bakina. In ya ɗaga wata azara sai in ce bari ya ajiye tukuna, don bai kamata a gaya wa mutum irin wannan yana riƙe da itace mai nauyin jaki ba. In ya ajiye sai in ga gatari a hannunsa.

Can Baba ya jingine takanɗar a jikin kanya ya tafi yin alwala. Kafin ya dawo kiyashi sun gano ta. Laka ta bushe ta faɗi, ga bakin fari tas yana naso, ga su sun yi layi daga gindin bishiya, na rantse har da waɗanda aka aika wa saƙo daga wani gari. Na sa ƙafa ina murje su. Da na ɗaga kai, tsohon yana kallona. Ya kalli bakin takanɗar, ya kalli bakina.

“Samari,” ya ce a hankali, “takanɗarku ta bana tana da zaƙi?”

Na ce ban sani ba, ta Iya ce.

Ya gyaɗa kai. Da Baba ya dawo suka gama ciniki, sai tsohon ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata, ya ce shi ƙa'idarsa ɗaya ce: muddin kaya suna wannan gaɓar ana musanya, in sun haye ruwa sun zama na mai su, domin ya gaji da mutanen da ke mayar masa da ruɓaɓɓun gidansu su ce nasa ne. Da Baba yake magana, amma ni yake kallo. Baba ya ce ya yarda, ya juye masa jakar gaba ɗaya. Tsohon ya ƙara masa indararo ɗaya kyauta.

Muka yi ta jido zuwa bakin ruwa. Kowace tafiya ina cewa a wannan zan faɗa. Mai jirgi ya jera azara, jirgi ya nutse har saura kamar yatsu huɗu ruwa ya shigo, ya ce kowa ya zauna kada ya motsa, ko atishawa ba ya so. Ya cusa gora ya tura. Na juya na ga tsohon a tsaye a kan gaɓa, hannu a baya. A tsakiyar kogi maganar ta zo min har maƙogwaro, amma na tuna in Baba ya zabura duk mun tafi ƙasa, mu da azara da indararo. Na haɗiye. Kuma, abin da ya fi ci min rai, Baba waƙa yake yi ƙasa ƙasa. Tun da rufin nan ya faɗi ban ji ya yi waƙa ba.

Jakunan maƙwabcinmu suka kwaso kayan daga mashigi zuwa gida. Bayan la'asar aka gama tarawa a tsakar gida. Maƙwabta suka shigo suna buga azara suna yaba idon Baba. Magini ya aiko cewa gobe da hantsi zai hau bango. Inna ta ce wa Iya saura kwana uku ta koma ɗakinta.

Iya ta ce a ba ta aronta.

Na yi kamar ban ji ba. Ta sake faɗa. Na kai mata, na miƙa ta wajen kan. Ta juya ta da kanta, ta fara daga gindi, tana bin gaɓoɓin da babban yatsa. Ta kai ƙarshe, ta dawo ta sake. Ta sansana bakin. Tari ya taso mata, ta dafa ƙasa, na tsaya ina jira ya lafa, ina jin kowane ɗaya a cikin nawa ƙirjin.

“Zauna nan,” in ji ta. Ba ta ce mijina ba. “Kafin awo ko bayan awo?”

Na ce kafin.

Ta ajiye takanɗar a gefe. Sannan ta ce ita sanyi ba baƙonta ba ne, amma gobe ɗan mutane zai hau bango ya karɓi itace mai nauyi yana zaton zai zauna. In bai zauna ba, da shi zai sauko, kuma akwai masu miƙa masa a ƙasa.

“Ubanka yana zaure. Ko ka je da ƙafarka, ko in kira shi da bakina.”

Daga rumfar Iya zuwa zaure taku goma sha biyu ne. Ranar na yi tafiyar da ta fi zuwa Auyo nisa. Na same shi yana gyaran komar kifinsa. Na durƙusa na faɗa masa duka, har da lakar, har da gwiwar da na sa a wajen awo. Na runtse ido ina jiran hannu.

Hannu bai zo ba. Ya ajiye komar, ya wuce ni, ya zaɓi azarar da ta fi tsawo a tulin, ya shiga ɗakin Iya da ita. Na bi shi. Ya hau kan turmi, ya ɗaga ta sama da kansa, ya ɗora baki ɗaya a kan bango. Ɗaya bakin ya gogi bangon can, ya kankare ƙasa kaɗan, ya zame. Ya matsa da ita tsakiya. Ta taɓa nan da ƙyar, ta taɓa can da ƙyar, ba ta hau ko'ina ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke ta a hankali ya jingine.

“Da ka faɗa a can,” ya ce, “da musanya kawai za mu yi, ko da rabi ne.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na gwammace duka.

Da hantsi magini ya zo, aka gaya masa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce shekara talatin yana gini, gara ta ci masa itace, ruwa ya ci masa bango, amma ba a taɓa shanye masa ma'auni ba. Babu wanda ya yi dariya sai Iya daga cikin rumfa, dariyar ta koma tari. Baba ya tambaye shi ko akwai abin yi. Ya shiga ɗakin ya daɗe yana auna bango da tafin hannu. Ya fito ya ce azara ba ta ƙaruwa, sai dai ɗaki ya ragu. Za a ƙara wa bango ɗaya kauri daga ciki, tun daga ƙasa har sama. Amma babu lokacin buga sabon tubali a jira ya bushe, sai in akwai busasshe a gida.

Baba ya waiwaya ya kalli katangar garken awaki.

Ranar muka warware ta, tubali ɗaya ɗaya, yadda muka ga tsohon can yana yi. Ruwan kwaɓa duka ni na ɗebo daga kogi, tulu bayan tulu, har wuyana ya shige cikin kafaɗa. Ginin ba ya yiwuwa a rana ɗaya, sai an yi kaɗan a bar shi ya sha iska. Kowace safiya kafin in ɗauki tulu nakan tsaya a bakin rumfa in kasa kunne, sai na ji Iya ta motsa sannan in tafi. Magini ya jera azarar a ranarsa ta ƙarshe da yamma, ya ɗauki jakarsa ya wuce. Ƙasar rufi da yaɓe ni da Baba muka ƙarasa, yana nuna min da hannu, ba ya cewa komai sai miƙo da ajiye.

Iya ta ƙara kwana tara a rumfa maimakon uku. Tarin bai sake ta ba sai da zafi ya shigo. Awaki kuwa har yau ba su da katanga, a turke suke kwana, ni nake ɗaure su. Gadonta na kara, wanda dama daga bango zuwa bango yake, da aka zo shigar da shi ya ƙi shiga. Baba ya rage shi taƙi ɗaya da rabi. A kansa take kwana, ƙafafu a lanƙwashe.